Zauren Kawu: ana ta kiran mu shan ruwa, asham kuma tana wucewa

Jama'a barkanmu da shan ruwa, ya ibada? Goman marmari dai ta wuce an shiga goman wuya, masallatan da suka cika har bakin titi a daren farko yanzu sahu uku ne ko huɗu, ga yara sun fara fitowa tashe. Saƙonnin da suka shigo wannan makon kusan duk kukansu ɗaya ne, sai na ɗauki uku. Masu tambayar kayan sallah da kuɗin ɗinki ku yi min haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Kawu, barka da shan ruwa. Ni ango ne, wannan ne azumina na farko da iyali. Ina zaune a Rijiyar Zaki, ina tsaron shago a Kantin Kwari, surukaina kuma suna Hotoro. Tun kafin a ga wata na ɗaura niyyar bana zan bi limamin unguwarmu asham tun daga Baƙara har Nasi, izu biyu yake ja kullum. To Kawu yau azumi 13 amma asham shida kawai na samu a bayansa. Gidan surukai na je sau uku, gidan yayar matata sau ɗaya, gwaggona ta Kurna ta ce in ban kawo mata amarya ta sha ruwa a gidanta ba babu ni babu ita, 'yan ajinmu na sakandare sun haɗa nasu a gurup ɗin WhatsApp kowa ya tura kuɗi, ga maigidana na kasuwa shi kam ba a ce masa a'a. Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar Asabar a gidan wani abokina, magariba sai da aka ci aka ƙoshi sannan muka yi ta a falo, aka koma hira, isha kuwa sai da na dawo gida wajen sha ɗaya na yi ta ni kaɗai ina gyangyaɗi a tahiya. Da na nuna damuwa sai wani cikinmu ya ce wai amsa gayyata wajibi ne asham kuma nafila ce, don haka in daina takura kaina. In na ƙi zuwa kuma a ce aure ya sa na fara ɗaga kai. Dan Allah ya zan yi?

Daga wani ɗanka a Kano

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da zaman lafiya ya kawo ƙazantar ɗaki. Azumin fari na ango dama haka yake, kowa so yake a ce shi ma ya shayar da amarya, baɗi war haka in ka samu gayyata uku ka gode Allah.

Bari mu fara da abokin nan naka mai fatawa a kan kujerar falo. Rabin maganarsa gaskiya ce. Amsa kira yana cikin haƙƙoƙi shida na Musulmi a kan ɗan'uwansa da suka zo a hadisin Abu Huraira, babu musu. Amma kiran da mafi yawan malamai suka ce wajibi ne shi ne walimar aure, sauran kiraye-kiraye irin su shan ruwa mustahabbi ne, abin so ne ka je, in ka ba da uzuri ba ka yi laifi ba. Asham ma gaskiya ba farilla ba ce, Annabi (SAW) ya ja sahabbai ita a masallaci 'yan darare sannan ya ƙi fitowa don gudun kada a wajabta musu, sai a zamanin Sayyidina Umar aka tara mutane bayan liman ɗaya, Ubayyu ɗan Ka'abu. To ka ga ashe abubuwa biyu ne masu lada suke jan rigarka, babu wanda zai kai ka wuta in ka bar shi na dare ɗaya.

Abin da abokinka ya tsallake shi ne isha. Ka sake karanta wasiƙarka, kana ta lissafin asham nawa ta wuce ka amma isha ta ƙarfe sha ɗaya da gyangyaɗi a tsakiyar zance ka saka ta. Ni wannan ce ta fi tsaya min. Sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya da daraja 27, kuma a hadisin Sayyidina Usman wanda ya yi isha a jam'i kamar ya raya rabin dare ne, wanda ya yi asuba a jam'i kamar ya raya daren gaba ɗaya. Mu 'yan azumi muna da wata ɗabi'a, mutum zai yi ta baƙin ciki ya rasa raka'a biyu na asham, amma ya tsaya tahajjud har uku na dare ya yi sahur ya kwanta asuba ta wuce shi rana ta fito, ko a jikinsa. Don haka kafin komai ka cire magariba da isha daga cikin abin da ake ciniki a kansa. Duk gidan da ka je a Kano, ko Hotoro ne ko Kurna, ba za ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga masallaci ba, wani lokacin ma a jikin katangar gidan yake.

Sannan ka lura da abin da aka gayyace ka. Shan ruwa aka ce maka, ba kwana ba. Tsakanin kiran magariba da na isha a nan ƙasarmu awa ɗaya ce da 'yan mintuna, kuma ta ishi mutum ya ci dabino ya kurɓi kunu ya je masallaci ya dawo ya ci abinci ya yi wa masu gida addu'a. Ba ƙosai da kunun tsamiya ke cinye asham ba, zaman da ake yi bayan an suɗe kwano ne, ciki ya yi nauyi an miƙe ƙafa an ɗauko zancen siyasa da ƙwallo, ana jin ladan kowa yana satar kallon ɗan'uwansa wa zai fara tashi. Kuma wannan zaman Alƙur'ani da kansa ya yi magana a kansa. A walimar auren Nana Zainab 'yar Jahshi mutane suka ci suka watse, wasu 'yan kaɗan suka zauna suna ta hira a ɗakin, Annabi (SAW) ya tashi ya fita ya dawo suna nan, yana jin nauyin ya ce su tafi, sai aya ta 53 a suratul Ahzabi ta sauka, cewa idan an kira ku ku shiga, idan kun ci ku watse, ban da zaman hira. To in baƙo ya ci ya tashi ba rashin ladabi ya yi ba, ladabin ke nan. Hausawa ma cewa suka yi baƙo raɓa ne.

Na san za ka ce Kawu wannan a gidan aboki ne, gidan surukai fa? Bari in ba ka labarin kaina ka yi dariya. Shekarar da na yi aure aka kira ni shan ruwa gidan su uwargida, gidan ƙasa ne irin na da mai zaure ɗaya, ta nan ake shiga ta nan ake fita. Aka shimfiɗa min tabarma a zauren, aka jere min kwanuka har da farfesun kan rago, ƙannenta biyu suka ɗan taya ni suka zame. Muka yi magariba a ƙofar gida na dawo na zauna. Na ci na ƙoshi na wanke hannu, sai na ce ai bai kamata in tafi ban yi wa Baba sallama ba, bari in jira ya fito. Aka kira isha ina zaune, aka ta da sallah ina zaune, ina jin liman ya kai raka'a ta uku ina ta juya hula a hannu sauro yana cin ƙafata. Ashe shi kuma Baba yana tsakar gida da alwalarsa da carbinsa, yana ta kai da komo, ya kasa ratsa zauren don kada ya tarar da surukinsa yana cin abinci ya sa ni jin kunya. Ni ina jiran sa shi yana jira na, har aka sallame. Dattijon da aka ce shekara da shekaru isha ba ta wuce shi a jam'i ba, ranar ni na jawo masa. Sai bayan sallah da kwana biyu uwargida take ba ni labari tana dariya har da hawaye, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Allah ya jiƙan Baba, har ya rasu bai taɓa tayar min da zancen ba.

Tun daga ranar na gane surukin kirki ba ya jin haushin wanda ya tashi don sallah, sau da yawa ma shi ne yake ƙagare ka tashi. Abin da za ka yi, tun a waya lokacin da ake gayyatar ka za ka faɗa, ba sai an zuba abinci ba. Ka ce in sha Allahu muna tafe, amma ana kiran isha zan bi su Baba masallaci. In gidan aboki ne ka ce zan zo amma bakwai da rabi zan gudu, ina bin sauka a unguwarmu. Wanda aka gaya wa tun da rana ba ya jin zafi da dare. Kuma ka bar amarya a can cikin gida ta sha hirarta da 'yan'uwanta, dama rabin gayyatar don ita ake yi ba don kai ba, in an idar ka dawo ka ɗauke ta.

Saura maganar saukar da kake bi. Daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki bayan magariba, da gosulon azumi da 'yan adaidaita kowa yana sauri, in ka ce sai ka riski limaminku to a hanya za ka yi isha da asham ɗin duka, taura biyu ba ta taunuwa. Ranar da ka yi nisa ka yi a masallacin da ka samu kanka, ko da daga Alam tara kaifa limaminsu yake ja. Hadisin Abu Zarri cewa ya yi wanda ya tsaya tare da liman har ya idar an rubuta masa tsayuwar dare, bai ce sai limamin unguwarku ba. Izu biyun da suka wuce ka kuma ka tambayi wanda ya je inda aka tsaya, ka buɗe Alƙur'ani da safe a shago kafin kasuwa ta buɗe sosai ka karanta abinka. In ma dare ya ƙwace maka gaba ɗaya, asham ba ta ƙarewa da sallamar liman, lokacinta yana nan har ketowar alfijir, kuma a Risala da muka karanta a zaure an ce wanda ya so ya yi ta a gidansa, hakan ma ya fi ga wanda niyyarsa ke da ƙarfi in yana shi kaɗai. Sai dai ka san kanka, yawancinmu in muka ce sai mun koma gida to katifa ce liman.

Ni a ganina ba duk kira ne nauyinsa ɗaya ba. Gwaggo ta Kurna ka je, wannan zumunci ne kuma a ƙafa yake, tsohuwa ce ba ka san azumi nawa ya rage muku tare ba. Surukai sau uku ya isa haka, ba za su ce komai ba. Maigidanka ka je sau ɗaya. Na 'yan aji kuwa, ka riga ka tura kuɗinka, ka leƙa ka sha ruwa a yi hoto ka fito, ko ka ce musu a mayar da shi yawon sallah, wallahi rabinsu daɗi za su ji. In an shiga goman ƙarshe kuma ka rufe littafin gayyata gaba ɗaya sai dai ta iyaye. Kuma duk inda ka ci kada ka tashi ba ka yi musu addu'ar nan ba, afɗara indakumus sa'imun, wa akala ɗa'amakumul abrar, wa sallat alaikumul mala'ika, ita Annabi (SAW) ya yi a gidan Sa'adu ɗan Ubada. Mai gida in ya ji ta ba ya ƙara cewa tun yanzu?

Tambaya ta biyu

Salam Kawu, ina yini, ya ibada. Ni matsalata ba a gayyatata, a gidana ake taruwa. Maigidana mutum ne mai son jama'a, kullum sai ya zo da abokai shan ruwa, yau shida gobe tara, wani lokacin sai biyar ta wuce zai bugo waya ya ce a ƙara hannu. Tun azahar nake shiga kicin, kunu kala biyu, ƙosai, dankali da ƙwai, zoɓo, ga abinci mai nauyi na bayan magariba, yarana uku duk ƙanana babu mai taya ni. Ana kiran sallah ina gaban kasko, magaribata sai ta kusa haɗuwa da isha. Su kuwa su ci su tafi masallaci abinsu, ina jiyo karatun asham a lasifika ina wanke-wanke, wallahi jiya sai da na yi kuka a bakin famfo. Da na yi masa magana sai ya ce ai ladan duk wanda ya sha ruwa a gidan nan nawa ne, na fi su samu. Kawu ni ma ina son in tsaya a sahu ko sau ɗaya ne a sati.

Daga 'yarka a Tudun Wada, Kaduna

Amsa

'Yata sannu, Allah ya saka miki da alheri ya raya zuri'a. Maganar maigidanki akwai hadisi a bayanta, wanda ya shayar da mai azumi yana da kwatankwacin ladansa ba tare da an rage wa mai azumin komai ba, kuma ina kyautata zaton wadda ta tsaya gaban wuta da ƙishirwa tana da kaso babba. Amma ban taɓa jin inda aka ce ladan ciyarwa yana biyan bashin magariba ba. Magariba lokacinta gajere ne, a mazhabarmu ta Malikiyya ma an fi ƙuntata shi. Ana kiran sallah ki sauke kaskon nan, ko rabin ƙullun ne ya rage. Su ma sunna ta ce su buɗa baki da dabino ko ruwa su tafi masallaci, haka Anas ya ce Annabi (SAW) yake yi kafin ya yi sallah. Kafin su dawo kin yi taki a natse. Babu wanda ya taɓa mutuwa don ƙosai ya makara minti goma.

Sauran maganar ba taki ba ce, ta maigida ce, in kin ga dama ki miƙa masa wayar ya karanta. Malam, kai ne mai kiran baƙi amma wata ce take biyan kuɗin da jikinta da sallarta. An tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. In goman ƙarshe ta shigo kuma yakan raya dare ya tashi iyalinsa, ba ya tafi ya bar su da tulin kwanuka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka mayar da taron nan kwana biyu a sati, ka faɗa tun da safe mutum nawa ne, ƙosai kuma akwai mai tuya a kowane layi a Tudun Wada, ka sayo ita ma ta samu na kayan sallar 'ya'yanta. Abokan nan naka su ma suna da gidaje ai, a riƙa zagayawa mana. Ranar da babu baƙi ka riƙe yaran ko ka kai su wurin kakarsu ta je ta tsaya a sahu, an hana a hana mata zuwa masallaci in sun nemi izini.

Ke kuma 'yata ki rage kala, kunu ɗaya ya isa, gasar da mata ke yi a hotunan waya ba da ke ake yi ba. Kwanuka ki jiƙa su ki rufe, ba gudu za su yi ba. Daren da fita ba ta yiwu ba ki shimfiɗa dardumarki bayan yara sun yi barci, ki yi raka'o'inki bibbiyu ki rufe da shafa'i da wutiri, in haddarki ba ta da yawa ki riƙe Alƙur'ani ki duba, a nafila an yarda, Nana A'isha ma bawanta Zakwan yana ja mata sallah a azumi yana duba mus'hafi. Ki rubuto min bayan sallah in ji ko ya karanta.

Tambaya ta uku

Kawu barka da shan ruwa. Mu ɗalibai ne, muna haɗa kuɗi mu dafa tare a ɗaki. Akwai ɗaya a cikinmu kullum ba ya zuwa magariba, sai ya ce hadisi ya ce in an ajiye abinci aka ta da sallah a fara da abinci. Da gaske ne?

Daga Samaru, Zariya

Amsa

Hadisin gaskiya ne ɗana, ingantacce ne, har Abdullahi ɗan Umar yakan ci gaba da cin abincinsa yana jiyo karatun liman. Hikimar ita ce kada mutum ya tsaya gaban Allah zuciyarsa tana cikin kwano. Amma ai wannan ga wanda abinci ya riske shi ne yunwa tana cin sa, ba wanda kullum yake auna sauke tukunya daidai da iƙama ba. Ku daina zuba taliyar nan sai kun dawo daga masallaci, ku ba shi dabino uku da ruwan leda ɗaya, ku ga da wane hadisin kuma zai zo. Kuma ku kulle murfin tukunyar ko ku bar wani amintacce, don ban yarda da shi ba in aka bar shi shi kaɗai a ɗakin.